Alan Blumlein, Injiniyan da Ya Raba Sauti Hagu da Dama

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙananan sitidiyon waƙa na Sabon Gari ko Chikaji ya ga yadda mai haɗa sauti ke murza ɗan maɓallin nan a FL Studio ko Cubase, sai kalangu ya koma kunnen hagu, fiyano ya koma dama. Da yawanmu mun ɗauka kwamfuta ce ta zo da wannan dabara. To, ai dabarar ta girme ta nesa ba kusa ba. Wanda ya shimfiɗa ƙa'idarta wani injiniyan lantarki ne ɗan Ingila, Alan Dower Blumlein, kuma ya rasu bai ga an ci moriyar aikinsa ba.

An haife shi a Landan ranar 29 ga Yuni, 1903. Yana yaro karatun littafi ya ba shi wahala ƙwarai, amma a lissafi da kwance na'ura ba dama. Ya shiga kwalejin fasaha ta City and Guilds, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1923. Da farko ya yi aiki a kan layukan tarho masu nisa. A 1929 kamfanin faifai na Columbia ya ɗauke shi, domin kamfanin ya gaji da biyan Western Electric na Amurka kuɗi a kan na'urar yanka faifai. Blumlein ya ƙera musu tasu, wadda ba ta taka haƙƙin kowa ba. A 1931 Columbia ya haɗe da wani kamfani, aka samu EMI.

A wannan shekarar ne ya je silima tare da Doreen, wadda ya aura daga baya. Abin da ya dame shi: ɗan wasa yana wannan gefen allo, muryarsa kuma tana fitowa daga can wani wuri, don lasifika ɗaya ce a ɗakin. Sai ya koma ya tambayi kansa yadda mutum ke gane inda sauti ya fito. Amsar tana cikin kunnuwa biyu. Sautin da ya taso daga hagu yana riga isa kunnen hagu, kuma ya fi ƙarfi a can. Ƙwaƙwalwa na auna wannan ɗan bambanci ta ce maka waiga nan. Blumlein ya gano cewa in aka ba lasifika biyu sauti ɗaya amma aka bambanta ƙarfinsa, mai sauraro zai ji kamar daga tsakaninsu yake fitowa, a daidai inda aka so. Maɓallin da ake murzawa yau aikin da yake yi ke nan.

A watan Disamba 1931 ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira, mai lamba 394,325. A ciki har da yadda ake gicciya makirfo biyu wuri guda su ɗauki faɗin ɗaki, da yadda ake yanka hagu da dama a bango biyu na rami ɗaya a jikin faifai, da dabarar raba sauti zuwa jimla da bambanci. A 1934 ya ɗauki kiɗan Mozart da wannan tsari a sitidiyon Abbey Road. A 1935 ya ɗauki fim na jiragen ƙasa a tashar Hayes, ƙarar tana bin jirgin daga wannan gefe zuwa wancan.

Sai dai kamfani bai ga kasuwa a ciki ba. Aka ajiye aikin, aka tura shi wajen talabijin, inda ya taka rawa babba a tsarin layi 405 da BBC ta fara amfani da shi a 1936. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ya koma aikin rada. Ranar 7 ga Yuni, 1942, jirgin Halifax da suke gwada radar H2S a ciki ya kama wuta ya faɗi, duk mutum 11 da ke ciki suka mutu. Yana da shekara 38. Saboda sirrin yaƙi, ba a ma shelanta mutuwarsa ba. Ya bar mata da 'ya'ya biyu maza da takardun ƙirƙira 128. Faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958.

Sautin kewaye da ake ji a silima yanzu ɗorawa aka yi a kan wannan tubali. A tsarin 5.1 lasifika uku ne a gaba, biyu a gefe ta baya, ɗaya kuma ta ɗauki ƙarar nan mai girgiza ƙirji. Murya takan zauna a ta tsakiya don ta manne da bakin mai magana, wato matsalar da ta dami Blumlein tun farko. Kiɗa ya bazu hagu da dama, na baya su ɗauki amon ɗaki, hayaniyar kasuwa ko ruwan sama. In ka tura murya baya haka kawai, sai mai kallo ya dinga waiwaye.

Ga kuma inda abin ya shafe mu kai tsaye, 'yan uwa masu haɗa waƙa da sautin fim. Akasarin masu sauraronmu a waya suke ji, ko a 'yar lasifika ɗaya a shago. Irin wannan na'ura haɗe hagu da dama take yi, wato jimlar nan ta Blumlein. Duk abin da ka faɗaɗa har ɓangarorin biyu suka saɓa wa juna, sokewa zai yi ya ɓace. Don haka kafin ka miƙa wa mawaƙi aikinsa, danna maɓallin mono ka saurara. In murya da ganga suna nan daram, aiki ya yi.

A 2017, shekara 75 bayan rasuwarsa, masu ba da kyautar Grammy suka karrama shi.