Ɗan Tafa: Masanin Falsafar Da Ya Taso A Hannun Malama

'Yan'uwana mata, an haifi Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa a 1804, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Khadija ɗiyar Shehu ce, kuma malama. Sarkin Musulmi Bello, mai hubbare a nan Wurno, kawunsa ne.

Bayan fiƙihu da tasawwufi, ya zurfafa a falsafa da binciken yadda halittu suke. Ya koyar a Salame, ya rubuta Raudatul Afkar kan tarihi. Ya rasu a 1864.

To uwargida, in yaronki ya ce falsafa ko fiziks zai karanta a jami'a, kada hankalinki ya tashi. Ki dai kafa masa tauhidi tun daga ɗaki.

Allah Ya jiƙan magabata.