Haruna, Babban Firist na Fari

Haruna ɗan Amram ne, daga kabilar Lawi, sunan uwarsa kuwa Yokabed. An haife shi a ƙasar Masar a zamanin bauta, ya girmi ƙanensa Musa da shekara 3. Yana da shekara 83 sa'ad da suka tsaya tare gaban Fir'auna, shi ne mai magana a madadin Musa.

A gindin Dutsen Sina'i ne muke ganin rauninsa. Da Musa ya daɗe a bisa dutse, jama'a suka matsa wa Haruna, ya karɓi 'yan kunnensu na zinariya, ya zuba musu siffar ɗan maraƙi, ya kuma gina bagade a gabanta. Mutum wajen 3,000 suka mutu saboda wannan zunubi. Duk da haka Ubangiji bai janye kiransa ba. Aka keɓe Haruna da 'ya'yansa kwana 7, a rana ta takwas ya hau bagade. Mu lura fa, hadayar da ya fara miƙawa ɗan maraƙi ne, domin zunubin kansa (Firistoci 9). Sai da aka tsarkake shi kana ya iya tsayawa domin waɗansu.

Mu da ke zaune a Maiduguri mun saba ganin yadda mai sayen rago gab da Babbar Salla yakan duba ido da ƙafa da haƙora kafin ya biya. Haka shari'ar Musa ta umarta dabbar hadaya ta zama marar aibi. Mai zunubi yakan ɗora hannunsa a kanta, a yanka ta, firist ya kai jinin wurin bagade, gama ran dabba yana cikin jininta, rai kuwa ya tsaya a maimakon rai. Aikin ba na wasa ba ne. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, suka kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take, ubansu kuwa ya yi shiru.

Babban aikinsa shi ne na Ranar Kafara, ran 10 ga wata na bakwai (Firistoci 16). A ranar yakan tuɓe tufafinsa masu daraja, ya sa na lilin, ya yanka bijimi domin kansa da gidansa. Sa'an nan a jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu. Ɗaya a yanka shi, ya shiga da jinin bayan labule, ya yayyafa sau 7 a gaban murfin akwatin alkawari. Ɗayan kuwa ya ɗora masa hannuwansa biyu, ya furta laifofin Isra'ila duka, a kore shi cikin jeji. Bunsurun fari yana koya mana tsadar gafara, na biyu yana nuna cewa an kawar da laifin nesa.

Haruna bai shiga ƙasar alkawari ba, saboda laifin da suka yi da Musa a Meriba. A bisa Dutsen Hor aka tuɓe masa tufafin firist, aka sa wa ɗansa Ele'azara, ya rasu yana da shekara 123. Isra'ila suka yi makokinsa kwana 30.

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa (sura 7 zuwa 10) ta bayyana mana ma'anar wannan duka. Hadayar da ake maimaitawa kowace shekara tana tuna wa mutane zunubi, ba ta iya kawar da shi. Firist mai zunubi, mai mutuwa kuma, yana bukatar wanda ya fi shi. Hadayun nan sun tsaya tun da aka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70. Amma Yesu Almasihu, marar zunubi, ya miƙa kansa sau ɗaya tak, yana da rai har abada yana roƙo dominmu. Saboda haka kada mu dogara ga wani abin da hannunmu zai kawo. Mu furta zunubanmu, mu matso wurin Allah ta wurinsa da gaba gaɗi.