James Murray, Ɗan Telan da Ya Bi Kalmomin Ingilishi Har Asalinsu

An haifi James Murray ranar 7 ga Fabrairu 1837 a ƙauyen Denholm da ke kudancin Sikotland. Mahaifinsa tela ne, kuma ƙarfin gidan bai kai a ci gaba da biya masa karatu ba, don haka ya bar makaranta yana da shekara 14. Abin da ya sani na Latinanci da Girkanci da Faransanci da tsohon Ingilishi, galibi shi ya koya wa kansa. Yana da shekara 17 ya zama malamin makaranta a Hawick. Rashin lafiyar matarsa ta fari ya sa ya koma Landan, inda ya kama aikin akawu a banki. Matar ta rasu, ya sake aure, sannan a 1870 ya koma koyarwa a makarantar Mill Hill.

Tun 1857 wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta ƙudura yin ƙamus wanda zai ba da tarihin kowace kalma ta Ingilishi: inda ta fito, lokacin da aka fara ganin ta a rubuce, da yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa. Aikin ya yi ta jan ƙafa har 1879, lokacin da maɗaba'ar Jami'ar Oksford ta karɓe shi, aka ɗora Murray a kai. An yi kirdadon shekara goma za ta isa. Ya kafa wata rumfar kwano a harabar gidansa, ya cika ta da ƴan kantoci sama da dubu, ya roƙi masu karatu a ko'ina su riƙa aiko masa da jimloli daga littattafai, kowace jimla a kan guntuwar takarda. Bayan shekara biyar, a 1884, kashi na farko ya fito da shafi 352, kuma iyakarsa kalmar ant, wato tururuwa.

Wanda zai yi masa dariya kan wannan jinkiri, ya fara duban abin da ke jiransa a shafukan gaba. Jerin abacada yana tara kalmomi wuri ɗaya don kawai haruffansu na farko sun zo daidai, ba ruwansa da ko dangi ne ko maƙwabta. Kalmar antecedent tana ɗauke da ɗafa-goshin Latinanci ante, mai nufin abin da ya gabata, haɗe da aikatau mai ma'anar tafiya. Ke nan abin da ya riga wani zuwa. Antidote kuwa daga Girkanci take, ɗafa-goshinta anti yana nufin kishiya, don haka ta zama abin da ake ba mutum ya karya dafi, makari ke nan a Hausa. Ɗalibin da ya iya Faransanci zai gane su biyun nan take. Sai ga anticipate, wadda a ido ta yi kama da ƴar gidan anti, alhali asalinta ante ne da aikatau na kamawa: a riga abu tun bai iso ba. Ita kuwa antelope, dabbar dawa dangin barewa, ba ta haɗa komai da ko ɗaya daga cikinsu ba, haka ma tururuwar da aka tsaya a kanta, wadda gadon tsohon Ingilishi ce. Mu ma muna da irin wannan: ma ɗin makaranta da maƙeri ɗafa-goshi ne, amma na madara ba a ɓamɓare shi.

Hanyar Murray ita ce kada a yarda da kamannin haruffa sai an ga shaida. Kowace kalma sai an jera takardunta bisa shekaru, a ga tsohuwar siffarta, sannan a yanke mata ma'ana. A ganina wannan taurin kai shi ne darajar ƙamus ɗin, ko da yake ya sha jawo masa saɓani da maɗaba'a, wadda ke ganin kuɗi na fita, shafuka na ƙaruwa.

A 1885 ya bar koyarwa ya tare a Oksford, ya sake kafa rumfarsa, wadda sanyi da laima suka addaba. Ƴaƴansa goma sha ɗaya sun taso suna jera takardu a ba su ɗan ladan aljihu. Wasiƙu sun yi yawa har hukumar gidan waya ta kafa akwati a ƙofar gidansa. Cikin masu aiko da jimloli har da William Minor, tsohon likitan sojan Amurka da ke tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor bayan ya kashe mutum a Landan. Duk da irin wannan kula, takardun kalmar bondmaid sun ɓace, ƙamus ya fita babu ita.

Daga baya an ƙara masa editoci uku, Bradley da Craigie da Onions, amma kusan rabin aikin daga hannunsa ya fito: A zuwa D, H zuwa K, O, P da T. A harafin P ya yi fama da tarin kalmomi masu fara wa da per da pre da pro, a T kuma masu fara wa da trans. An ba shi sarautar Sir a 1908, jami'ar Oksford kuwa ba ta karrama shi da digiri ba sai 1914.

Ya rasu ranar 26 ga Yuli 1915 yana da shekara 78, yana kan harafin T. An kammala ƙamus ɗin a 1928, da kalmomi sama da 400,000 a cikin shafi fiye da 15,000.