Marigayi Alhaji Audu Bako Da Masaukan Baƙi Na Kudancin Kano

An haifi Alhaji Audu Bako a Kaduna cikin shekarar 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya bi sawunsa a 1942, ya yi ta samun ƙarin girma har ya shiga sahun manyan hafsoshin 'yan sandan Arewa. Da Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12 a watan Mayu na 1967, sai ya naɗa shi Gwamnan Jihar Kano na farko. A lokacin nan jihar ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991.

Abin da talakawa suka fi tunawa da shi game da mulkinsa shi ne ruwa. Ya gina madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, sa'an nan tsakanin 1971 da 1974 aka datse Kogin Kano a Tiga, aka sami ruwan noman rani a Kadawa da kewayenta. Amma marigayin bai tsaya ga noma kaɗai ba. Ya lura Kano gari ne na fatake tun kaka da kakanni, ga kuma filin jirgin sama mai sauke baƙi daga ƙasashen waje. Saboda haka ya ƙudura cewa duk baƙon da ya zo ya sami masaukin da ya dace da martabar Kano.

A bakin tafkin Bagauda aka gina Otal ɗin Bagauda, a Tiga aka gina Rock Castle bisa dutse yana kallon ruwa, a cikin birni kuma aka gina Otal ɗin Daula. Can kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa, dajin Falgore ya zama gandun namun daji. Manufar ita ce baƙo ya sauka Kano, ya kwana Bagauda ko Tiga, ya wuce Falgore kallon namun daji. Sunayen ma ba a banza aka zaɓe su ba. Bagauda shi ne sarkin Kano na farko bisa ga tarihin sarakunan birnin, watau an jingina otal ɗin ga asalin Kano kanta.

Sai dai suna alkawari ne. Manyan kamfanonin otal na duniya, irin su Hilton na Amurka, ba tsayin gini ke riƙe da su ba. Baƙon da ya ga sunan ya san abin da zai tarar tun bai shiga ba: ɗaki mai tsabta, ruwa a famfo, wuta ba yankewa, ma'aikaci mai fara'a. In reshe ɗaya ya gaza, sunan duka ne ya zubar da mutunci, don haka suke horar da ma'aikata, suna bin sawun kowane reshe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fatoma a zango yakan sauki falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, kuma ranar da ya ci amana, ranar fatake za su sake gida.

An hamɓarar da gwamnatin Gowon ran 29 ga Yuli, 1975, mulkin Audu Bako ya ƙare tare da ita. Allah ya yi masa rasuwa a 1980. Bayansa otal-otal ɗin suka rasa mai kula, gyara ya yi wuya, baƙi suka janye. Yau harabar Otal ɗin Bagauda ta zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, Rock Castle ya daɗe da lalacewa, Daula kuwa an rushe shi. Madatsar Tiga dai tana nan tana shayar da gonaki.

Darasin da ke nan ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai shi ne, aza harsashi aikin shekara biyu ko uku ne, amma riƙon suna aikin kullum ne. Audu Bako ya sauke nauyin ginawa. Nauyin kulawa yana wuyan waɗanda suka gada. Har yanzu Sakatariyar Jihar Kano, da gidan namun daji na birnin, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta suna amsa sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.