Umaru Ganda: Sojan da ya ajiye bindiga ya ɗauki kyamara

An haifi marigayi Umaru Ganda a birnin Yamai na Nijar a shekarar 1935. Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 kacal ya shiga rundunar sojan Faransa, aka kai shi Indocin, yankin da ƙasar Biyetnam take a yau, ya shekara biyu yana yaƙin da ba na ƙasarsa ba. Da ya dawo gida bai sami abin yi ba, sai ya tafi ci-rani Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya gamu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ya sa shi jarumin Moi, un noir na 1958. Kusa da ƙarshen fim ɗin, Ganda na tafe a bakin ruwa yana kwatanta yadda ake faɗuwa ƙasa a fagen daga, ba kaki, ba bindiga. Mai kallo na ganin cewa mutumin nan tunawa yake yi.

Bayan ya koma Yamai ya koyi sana'ar, ya shirya nasa fim ɗin, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, shi ne kuma jaruminsa. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocin da kuɗi a aljihu. Abokai suka yi masa caa, kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Fagen fama kuwa jefi-jefi yake bayyana, idan ya faɗo wa jarumin a rai. A nan ƙarfin fim ɗin yake: ya fi mayar da hankali kan abin da yaƙi ke barin mutum da shi bayan harbi ya lafa. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka sha jin ƙarar bindiga a zahiri, ba sai an yi musu fashin baƙi ba.

A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, karon farko da aka bayar da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Cibiyar raya al'adu ta Yamai na ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya fi ƙwarewa a fim ɗinsa na farko.