Abubakar As-Suli, gwanin darar Larabawa

Duk wanda ya taɓa zama gindin itace a Matankari, inda dattawan Arewa ke buga dara, ya san tun wajen zubi ake cin wasa ko a faɗi. Gidaje talatin ne, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wanda kuwa ya zuba nasa da garaje ba ya daɗewa. Fiye da shekara dubu ke nan wani malami na birnin Bagadaza ya mai da irin wannan sani ilimi rubutacce. Sunansa Abubakar Muhammadu ɗan Yahaya As-Suli.

As-Suli ya fito daga zuriyar wani sarkin Turkawa na ƙasar Jurjan. Masanin tarihi ne da waƙoƙin Larabci, amma shataranji ne ya ɗaukaka sunansa, wato darar Larabawa mai gidaje 64, inda kowa ke da ƴaƴa 16, da sarki da waziri da giwaye da dawaki da dakaru. Zamanin Halifa Al-Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, ya kada Al-Mawardi, gwanin fada, ya gaje matsayinsa.

A wancan zamani dakaru taki ɗaya suke yi, waziri ma haka, saboda haka rundunonin biyu sukan jima ba su haɗu ba. Kowane ɗan wasa sai ya zaɓi tsarin da zai jera mayaƙansa kafin karo. Larabawa na kiran wannan jeri ta'abiya, kowace da sunanta, kamar Mujannah, mai fiffike, da Sayyal, mai malala kamar ruwa. As-Suli ya tattara su cikin littafinsa, ya auna ƙarfin kowace da rauninta, ya gyara abin da magabacinsa Al-Adli ya rubuta. Almajirinsa Al-Lajlaj ya ci gaba da aikin.

Amma zaman fada ba shi da tabbas. Bayan rasuwar Halifa Ar-Radi a 940, wanda shi ya karantar da shi tun yana yaro, alfarmarsa ta gushe. Ya koma Basra, ya rasu can cikin talauci wajen 946.

Ya bar wata matsala ta ƙarshen wasa wadda ta gagari gwanaye shekara dubu, sai cikin shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya warware ta. Allah ya jiƙan maza.