Sardauna Ahmadu Bello da Maganar Albashi

An haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Rabah a wajen 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno. Labarin mulkinsa sananne ne. Abin da za mu duba yau wata matsala ce da ta bi shi tun yana malamin makaranta har ya zama Firimiya, watau yadda za a daidaita albashi da tsadar kaya.

Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku. A lokacin nan ciniki ya mutu a duniya, kuɗin gyaɗa da na auduga suka faɗi warwas. Mai albashi kuɗinsa na sayo masa hatsi da yawa, manomi kuwa da ƙyar yake haɗa kuɗin haraji. Da aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, sai tara haraji da jangali ya zama aikinsa. Ke nan ya san albashi ta wajen mai karɓa, ya kuma san aljihun da yake fitowa, gama daga haraji da jangali baitulmalin En'e ke biyan akawu da malami da ɗan doka.

A 1938 aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. Yana can Yaƙin Hitila ya juya al'amarin: gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya, albashi ya kasa. A 1942 Gwamnati ta fara biyan ma'aikata kuɗin tsadar kaya a kan albashinsu. Kaya suka ci gaba da hawa, ƙarin ya tsaya inda yake, har ma'aikata suka yi yajin aiki na kwana 44 a 1945. Kwamitin Tudor Davies ya bincika, aka daɗa rabi a kan kuɗin nan.

Sardauna ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1949, ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sa'an nan Firimiya a 1954. A zamaninsa aka yi kwamitocin albashi uku: na Gorsuch a 1955, na Mbanefo a 1959, da na Morgan wanda ya ba da rahoto a 1964. Morgan ya yanka wa leburan Ikko fam 12 a wata. Gwamnatin Tarayya ta ƙi, ma'aikata suka yi yajin mako biyu a watan Yuni, aka shirya a kan fam 10. Na Arewa bai kai haka ba, bisa hujjar cewa abinci ya fi araha a nan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan albashi bai bi tsada ba, ma'aikaci ya talauce ba tare da an rage masa ko kwabo ba. Idan kuwa ya bi ta, amfanin gona da na masaƙa bai ƙaru ba, 'yan kasuwa su ƙara kuɗin kaya, En'e ta ƙara haraji, nauyin ya faɗa kan manomin fadamar Wurno da Goronyo, wanda ba shi da kwamitin da zai duba kukansa. Kowane Firimiya tsakanin mutanen nan biyu yake tsaye.

An kashe Sardauna a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966, matsalar tana nan. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975. Abin da muka koya daga zamaninsa shi ne, gyaran albashi kaɗan kaɗan a kan kari ya fi jiran sai tura ta kai bango. Kuma duk mai neman ƙari ya tuna da wanda zai biya. Allah ya jiƙansa.